Lamba Arba'in da Bakwai

Buroshi ɗaya aka goga a kuncinsa,
ni kuma aikina in kasa abin da ya kwaso gida uku.
Haka Dakta Sivapalan ta tsara binciken:
baki ɗari biyu, hanya uku,
a ga wadda sankara ba ta iya ɓuyar mata.

Ta farko tun malaman malamanmu ake yin ta.
A shafa a gilashi, a tsoma a barasa kafin iska ta sha.
Na rina, na leƙa madubi:
kasuwar Gampola ce ranar da ruwa ya tsuge.
Ƙwayoyi sun hau kan juna,
jini ya raba layi, majina ta kafa rumfa,
ga ɓurɓushin ganyen betel da ya kwana a matse-matsin haƙori.
Gefe guda ya bushe, fuskoki sun kumbura.
Wa zai gane ɓarawo a wannan cinkoso?
Amma kuɗinta bai wuce shayi kofi biyu ba,
kuma takan bar dattin da ke da labari,
kamar toka a inda aka yi gobara.

Ta biyu kwalba ce daga ƙetare.
A karkaɗe buroshi a ruwanta, inji ya tace, ya shimfiɗa
da'ira guda, tsaf, kamar sawun gindin kofi.
Kowace ƙwaya ta yi wanka ta zauna ita kaɗai.
Sai dai mai tsinkar ganyen shayi
za ta yi kwana huɗu a kan tudu kafin ta biya.
Ma'aji yana ba mu kwalaben
kamar mai cire haƙoransa ɗaya bayan ɗaya.

Ta uku dabarar mara galihu ce.
Tsohon injinmu, wanda sai an tokare ƙafarsa da kwali,
ya yi ta juyin mazari minti goma,
guggubi ya kwanta a gindi, in ɗiga, in baza.
Ba ta kamo ta biyu a tsafta ba.

A gilashi na biyu na gan su.
Su biyar, manne da juna,
cibiya baƙa ƙirin ta cinye ɗaki,
gefenta kamar ɓera ya gatsa ya bari.
Ɗaya ruwan lemo, da wutsiya irin ta talibambam.
Na koma na uku: biyu kacal, amma su ne.
Na koma na farko, na yi ta lalube har wuyana ya ƙage.
Ba zan rantse babu su ba.
Ban dai gan su ba.

Na cike gurbi uku a takarda.
Takardar ba ta da suna, haka ƙa'ida take:
namiji, hamsin da takwas, kuncin hagu.
Hukunci kuma ba nawa ba ne,
sai an yanko tsoka, ta faɗi nata.

Shida da rabi, motar Nawalapitiya.
Wimalasena yana rataye a ƙofa, kuɗi ninke a tsakanin yatsu.
"Nilmini, yau kin makara."
Ta gefen dama yake magana.
Yaushe ya fara haka?
Ranar Talata na hango irin rigarsa a layin asibiti,
ko kuwa wani ne, maza nawa ke da riga mai ruwan ƙasa?

Baki ɗari biyu. Ba ni da hurumin sani.
Ya leƙa waje, ya tsartar da ja a kwalta,
ya lalubi aljihu, ya ce ba canji,
rupi biyar ɗina sai gobe.

Na ce to.
Na ce, kada ka manta, zan tambaya.